Riƙon da Aka Yi wa Tela

A kan kujerar roba aka hau da Tela ɗakin sama. Samari biyu suka kama ƙafafun kujerar, ɗansa yana tsaye a saman bene yana ba da umarni.

"Ku karkata hagu. A hankali, kada ku goge mini fenti."

Goggo tana biye da su, rungume da filo da bargo da kofin shan ruwan yayanta. Ƙafarsa ta dama tana lilo, tana bugun matakala. Tela bai ce komai ba, don ba zai iya ba. Tun da hawan jini ya kayar da shi a shago, ciwon ya shanye masa ɓarin dama, ya tafi da maganarsa. Amma idonsa yana nan, hankalinsa yana nan, kuma duk hawan nan wuyansa a juye yake, yana kallon ƙofar shagon da ke ƙasa.

Goggo ƙanwarsa ce, su biyu suka rage a ɗakinsu. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, tana zaune a ɗakin haya a bayan layi, tana wankau da guga. Ita ta goya wannan ɗan da ke ba da umarni, lokacin da uwarsa ta rasu ta bar shi yana rarrafe. Daga bakinsa sunan ya bi layi, har masu furfura Goggo suke ce mata.

Da aka kwantar da Tela, samarin suka sauka, ta ce, "Ɗan nan, wai me ya yi zafi? Ɗakinsa na ƙasa me ya same shi?"

"Ƙasa akwai hayaniya, Goggo. Ga masu leƙe. Nan ya fi iska."

Ta dubi tagar. Bangon maƙwabta take kallo, da gindin tankin ruwa.

"To keken ɗinkinsa fa? Yaya zai riƙa sauka?"

"An gama maganar keke." Ya zaro wata takarda daga aljihun gaba, ya buɗe, ya mayar tun ba ta gama kallon tambarin ba. "Kotu ta ba ni jiya. Yanzu ni ne gadiyan ɗinsa."

"Kai ne mene?"

"Gadiyan. Turanci ne. Banki suka ce ba za su karɓi sa hannun Baba ba tunda hannun ba ya aiki, shi ne na je aka yi abin bisa doka. Ma'anarsa komai nasa yana hannuna. Inda zai kwana, maganin da zai sha, wanda zai gan shi, shago, asibiti, duka. In na ce e, Baba ya ce e ke nan."

"In shi kuma ya ce a'a fa?"

Ya yi 'yar dariya. "Goggo ke nan. Baba yana magana ne?"

Tela yana kwance yana jin su. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna ƙasa, ya sake nunawa. Ɗan ya kama hannun ya cusa cikin bargo, ya ce, "Ka huta, Baba."

Maganar keken kuwa ga yadda take. Da aka sallamo Tela daga asibiti, an sa Goggo ta riƙa kai shi sashen gashin ƙashi. Mai gashin, wata doguwar mata mai son raha, ta tambayi sana'arsa. Da aka ce ɗinki, ta ce, "Keken ƙafa gare shi? To Mama, kuna da maganin a gida. Jiki ba ya manta abin da ya daɗe yana yi. Ki zaunar da shi, ki ɗora ƙafafunsa biyu a kan feda, mai lafiyar ta ja marar lafiyar. Ki cire allura tukuna. Kullum, kada a fasa."

Haka aka yi. Kowace safiya Mai Faci, wanda rumfarsa ke manne da shagon, yakan wanke hannu ya zo su cicciɓi Tela su ɗora a kujerarsa. Da farko keken sai ya yi gaba ya yi baya. Daga baya ya kama hanya. Mai Faci yana tsokanarsa daga rumfa, "Ka dai tashi, tsoho. Wandona yana wurinka tun kafin ka faɗi. In dabara ce ka yi don ka cinye mini yadi, na gane ka." Tela ya yi dariya da rabin baki, miyau yana zuba, Goggo tana share masa. Wata safiya ta ga yatsun ƙafar da ta mutu sun danna feda da kansu. A ranar kuma ya dubi kan keken da babu komai, ya yi ta kokawa da harshensa, har ya fitar da kalma.

"Zare."

Goggo ta fita bakin shago ta yi kukanta, ta dawo ta sa masa zaren.

Ana cikin haka ne ɗan ya zo da wani abokin aikinsa daga ofis, a mota. Abokin ya tsaya ya kalli tsohon da ke tuƙa keke babu ƙyalle, tawul a wuya, haɓa a jiƙe. Ya ce, "Ikon Allah. A haka ma sai ya yi aiki?" Ba da mugunta ya faɗa ba. Amma Goggo ta ga yadda fuskar ɗan ta sauya. Ba a daɗe ba sai ga takardar kotu, sai ga kujerar roba.

Kalmar ta zauna a bakin ɗan kamar da ita aka haife shi. Abokan Tela suka zo dubiya, ya tare su a ƙofa, "Likita ya ce a rage masa jama'a, kuma ni ne gadiyan." Masu kaya a shago suka zo, ya ce kowa ya kwashe yadinsa, gadiyan ya rufe shago. Kafin wata ya ƙare layin ya manta sunansa na yanka. In motarsa ta shigo sai Mai Faci ya ce, "A ba da hanya, ga Gadiyan nan." Shi kuwa bai ji haushi ba. Har ɗaga hannu yake yi.

Goggo tana zuwa da safe kafin ta jiƙa wanki, ta dawo da yamma bayan ta sauke shanya. Ta wanke shi, ta juya shi, ta ba shi shayi da cokali. Tsakanin safiya da yamma kuwa, sai Allah. Wani lokaci ta tarar da kwanon rana a ɓangarensa na dama, inda hannu ba ya kaiwa, shinkafar ta bushe, ƙudaje sun ci rabonsu.

Ta yi wa matar Gadiyan magana. Matar ba muguwa ba ce a fuska, gaisuwarta har ƙasa. Ta ce, "Wallahi Goggo bayana ne. Benen nan in na hau sau ɗaya sai na kwanta. Ga yara, ga girki. Kuma Baba namiji ne, surukina ne, da kunya in taɓa shi."

"Ajiye kwano a hagu ma da kunya?"

"Yarinya na aika, ba ta sani ba."

Yaran ma an hana su hawa, wai wari zai kama musu kayan makaranta.

Ranar gashi ta zo, Gadiyan ya ce yana da taro. Ta sake zagayowa, ya ce mota tana gareji. Ta uku ya ce, "Goggo, wahalar da shi kawai ake yi. A sauko da shi, a hau da shi, mutane suna kallo kamar an ɗauko kaya. Ni ba zan bari a mai da ubana abin kallo ba."

"Da ka bar shi a ƙasa ai babu mai sauko da shi."

"Kin fara ke nan."

Da ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, ta jira ya tafi ofis, ta kira Mai Faci da wani mai ɗaukar kaya. Suka sauko da Tela. A ƙarƙashin bene ya hango kekensa, an ture shi can, an jera takalman yara a kai. Ya miƙa hannu, yatsunsa suka shafi ƙarfen, aka wuce da shi.

A asibiti yarinyar da ke kan tebur ta duba, ta ɗago. "Mama, an dakatar da nasa."

"Wa ya dakatar?"

"Gadiyan ɗinsa. Ya zo da takardar kotu ya ce a tsaya. Ke ce gadiyan?"

"Ni ƙanwarsa ce. Ciki ɗaya."

"Na gane, Mama. Amma ba ke aka rubuta ba."

"To ga shi nan a gabanki, ki tambaye shi. Yaya, kana son gashi?"

Tela ya gyaɗa kai da ƙarfi, har tawul ya zame daga wuyansa. Yarinyar ta kau da ido. Ta ce ita ma aiki aka ba ta.

Mai gashin ta fito ta same su a baranda. Ta durƙusa ta kama ƙafar Tela ta lanƙwasa, ƙafar ta ƙi. Ta buɗe yatsun hannunsa, suka koma suka dunƙule. Raharta ta ɗauke. Ta ce, "An daina keken."

"An hau da Yaya sama."

Goggo ta zauna a benci, ta ce, "'Yar nan, ke kin yi karatu. Don Allah wannan gadiyan ɗin, mene ne shi? Ni dai tun da kalmar ta shigo gidanmu, duk ƙofar da na taɓa a rufe take."

Mai gashin ta zauna kusa da ita. "Riƙo ne, Mama, ba wani abu ba. Mai riƙo. In yaro ya rasa iyaye, ko babba ya kasa yi wa kansa, kotu takan ɗora wani ya tsaya masa. Ya zama bakinsa, ya zama hannunsa. Amma don amfanin wanda aka riƙe ake yi, ba don hutun mai riƙon ba. Kuma ko an ba mutum, doka ta ce ya riƙa duba abin da shi mai jikin yake so."

"To ai mu ma muna da riƙo. Ni na riƙe shi wannan ɗan, babu wanda ya ba ni takarda."

"Naki a baya kika ɗauka. Nasa a aljihu yake." Ta dubi ƙafar Tela. "Kotun da ta bayar tana iya karɓewa. Ki je ki kai kuka. Alƙali zai sa a kawo Baba ya gan shi da idonsa. Amma ki hanzarta. Ƙafar nan ba za ta jira ku ba."

Da suka koma, Gadiyan yana tsaye a ƙofar gida, an kira shi a waya. Bai ɗaga murya ba. Ya sa aka hau da uban, sannan ya juyo.

"Da ya faɗi a hanya, wa za a kama? Ni. Sunana ne a takarda, ba naki ba."

"Ɗan nan, ubanka ne. Ba akwati ba ne da za ka ajiye a sama."

"Saboda ubana ne nake yin abin da nake yi."

Washegari kafinta ya zo ya sa ƙyaure a gindin bene, da kwaɗo. Makulli ɗaya a aljihun Gadiyan, ɗaya a ɗaurin zanin matarsa. Aka ce wa Goggo ta riƙa zuwa sau ɗaya, da hantsi, don yawan shiga yana hana shi barci.

Daga nan jikin Tela ya fara tafiya. Bayansa ya yi ja, ya saɓule, ya zama gyambo. Naman cinyarsa ya zube. Ɗakin ya kama wani wari da turaren wuta ba ya korewa. Da Goggo ta nuna wa Gadiyan gyambon, ya tsaya daga bakin ƙofa, hanci a cikin hankici, ya ce zai turo mai allura. Ya turo sau ɗaya. Ya kuma sayo fanka sabuwa, babba, duk wanda ya tambayi jikin Baba sai ya ba shi labarin fankar.

Abu ɗaya ne bai mutu ba. In Goggo ta zauna tana ba shi shayi, sai ta ga bargo yana motsi daga ƙasa. Ƙafar hagu ce, tana danna fedar da babu, gaba da baya, gaba da baya. Wani lokaci har hannunsa ya kama bakin bargon yana turawa a hankali, kamar mai bin layin ɗinki.

Ta je kotu. Ta yi zaman benci har ta san masu shara da suna. Akawu ya ce ta dawo, ta dawo, ya ce ta kawo shaida, ta kawo Mai Faci da baƙin mai a farcensa. A ƙarshe aka sa rana.

Ta hau sama da labarin. Ta rufe ƙofa, ta matso kusa da kunnensa.

"Yaya, alƙali zai tambaye ka. In ya ce kana son zama a hannun ɗanka, ka girgiza kai. Haka. In ya ce me kake so, ka faɗa masa. Me kake so?"

Ya yi ta fama, jijiyar wuyansa ta tashi. "Ke... ke."

"Keke. Sake faɗa."

"Keke."

"Shi ke nan. In an ba ni kai, ɗakina zan kai ka. Ƙasa ne, ko tudu babu. Mu sa keken a bakin ƙofa, Mai Faci ya zo ya karɓi wandonsa."

Rabin bakin ya yi murmushi. Rabon da ta ga haka tun yana ƙasa. Kullum da hantsi suka riƙa bita, ita tana alƙali, tana kumbura murya, shi yana girgiza kai.

Ranar kotu Goggo ta kusa kasa gane yayanta. An kira wanzami ya yi masa aski, an yi masa wanka, an fesa turare. An sa masa sabuwar riga 'yar kanti, fara ƙal, ta rufe gyambo, ta rufe ƙashi. An sayo keken guragu mai sheƙi, Gadiyan da kansa yake turawa. Tela kuwa yatsunsa suna kan haɓar rigar, yana bin ɗinkin, yana yamutsa fuska. Mutumin da bai taɓa sa rigar da wani ya ɗinka ba.

Ɗakin ya cika. Abokan aikin Gadiyan sun zo, har da mai gidansa na ofis. Surukansa sun zo. Mutanen layi sun zo jin yadda za a ƙare.

Goggo ta faɗi nata a tsaye. Ta faɗi kwano, ta faɗi kwaɗo, ta faɗi gyambo. Da ta ce a ɗaga rigar a gani, Gadiyan ya ce shi dai a tausaya, kada a tsiraita mahaifinsa a gaban jama'a, ciwon kwanciya ne kuma ana magani. Ya nuna hoton fanka a waya. Ya ce Goggo uwa ce a gare shi, amma tsufa ya kama ta, kuma ɗakinta ɗaya, da wankin mutane take ci.

Alƙalin dattijo ne, bai yi gaggawa ba. Ya sa aka turo Tela gabansa. Ya cire tabarau.

"Baba, kana jina?"

Tela ya gyaɗa kai.

"Ka fahimci abin da ƙanwarka ta faɗa a kan ɗanka?"

Ya gyaɗa kai.

"To kai za mu bi. In abin da ta faɗa haka ne, yau zan karɓe riƙon daga hannunsa, a rubuta cewa ya kasa. Ɗanka yana kula da kai? Kana son ka ci gaba da zama a hannunsa?"

Goggo ta damƙe bakin mayafinta.

Tela ya juya wuya a hankali. Bai dubi Goggo ba. Ɗansa ya duba. Gadiyan yana tsaye, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, idonsa yana zuwa kan mai gidansa na ofis yana dawowa, leɓensa na ƙasa yana rawa. Goggo ta san wannan fuskar. Ita ce fuskar da yake yi yana yaro in ya fasa abu, ya ruga shago ya ɓuya a bayan keken ubansa. Kuma ta san abin da uban yake yi a lokacin: ya baza rigarsa ya rufe shi, ya ce bai ga kowa ba.

Tun kafin Tela ya motsa, ta san amsar da zai bayar.

Ya gyaɗa kai. Sannan ya buɗe baki, kalmar ta fito garau, irin fitar da wata kalma ba ta taɓa yi ba tun da ya faɗi.

"Ɗana."

Wani daga baya ya ce Allahu akbar. Surukai suka fara share ido. Alƙali ya sake tambaya, Tela ya sake gyaɗa kai. Aka bar riƙo inda yake, aka yi wa Gadiyan nasiha ya riƙa kai shi gashi, aka yi wa Goggo nasiha ta riƙa haƙuri da zumunci.

A bakin kotu, ana jiran a juyo da mota, ta tsaya kusa da keken guragun. Tela ya sunkuyar da kai, ya ƙi yarda su haɗa ido. Ta gyara masa hula, ta share masa haɓa.

"Ba komai, Yaya. Na sani."

Hawaye ya gangaro ta ido ɗaya, na ɓarin da ke da rai.

Gashi dai an kai shi sau ɗaya, aka ɗauki hoto. Keken guragun ya koma bayan ƙofa. Shagon aka ba wani mai sayar da wayoyi haya, ya fente shi, ya sa kiɗa. Wata rana da hantsi, Goggo tana sama tana ba Tela shayi, suka ji ana jan ƙarfe a kan siminti. Ƙarar ba ta ɓuya. Fedar tana kaɗawa da kanta, ƙafar keken tana kuka. Muryar matar Gadiyan ta taso daga ƙasa, "Ku ɗaga mana, kada ku fasa tayil. Dama tare mana wuri ya yi."

Tela ya tsayar da haɗiya. Ya kasa kunne har ƙarar ta fita ƙofa, ta hau bayan mota, ta yi nisa. Goggo ta kai cokali bakinsa, ya rufe. Ta sake kaiwa, ya juya fuska bango.

Ta tare Gadiyan da yamma. Ya ce, "Tsatsa yake yi, Goggo. Kuma ganinsa ma yana tayar wa Baba da hankali. Da kuɗin zan ƙaro masa magani."

"Daga sama yake ganinsa?"

Wayarsa ta yi ƙara, ya kara ta a kunne ya wuce.

Daga ranar bargo ya daina motsi. Takan zauna ta zuba wa ƙafar ido har shayi ya huce. Ta ce, "Yaya, me kake so?" ko zai ce keke, ko zai ce zare. Bai sake cewa komai ba.

Ranar da abin ya faru, ta zo da hantsi kamar kullum, da ruwan zafi a fulas. Ƙyauren bene a kulle. Matar Gadiyan ta tafi kasuwa da makulli a zaninta, shi yana ofis. Goggo ta zauna a ƙasa, a daidai inda keken yake a da, inda ƙafafunsa suka bar tabo a siminti. Ta ɗaga murya, "Yaya, ina nan. Makulli nake jira." Kiɗan mai wayoyi yana tashi ta bango. Rana ta take. Ta sake kira. Da azahar ta wuce matar ta dawo, tana ba da haƙuri, wai cunkoso ne a hanya.

Suka same shi fuskarsa tana kallon ƙofa. Hannunsa na hagu yana riƙe da bakin bargo, ya ninka shi siriri, a miƙe, kamar wanda zai kai ƙarƙashin allura. Jikin ya riga ya yi sanyi. Fankar tana ta juyawa.

A cikin bargon aka sauko da shi, don makara ba ta juyuwa a benen. Mai Faci yana riƙe da wajen kai, yana kuka kamar yaro. Wannan karon babu wanda ya yi maganar fenti.

Aka kawo farin yadi, aka shiga neman wanda zai haɗa likkafani. Shekara da shekaru duk wanda ya mutu a layin nan Tela ne yake ɗinka masa, ko sisi ba ya karɓa, ko yana tsakiyar aikin biki zai ture ya yi. Yau aka rasa keke a gidansa. Goggo ta ɗauko tsohuwar hularsa, ta juya cikinta, ta zaro allurar da kullum yake sokewa a nan. Ta zauna a gindin bene ta ɗinka da hannu.

Masu ta'aziyya suka yi ta zuwa. Tana daga cikin mata tana jin abin da ake faɗa a waje. Wai ɗa ya yi ƙoƙari. Wai ya riƙe ubansa har ƙarshe, bai kai shi ko'ina ba. Wai har a gaban alƙali uban ya shaide shi da bakinsa, Allah ya ba mu masu riƙe mu haka. Kuma babu wanda ya yi ƙarya. An ba shi riƙo, ya riƙe. Ya riƙe makulli, ya riƙe shago, ya riƙe takarda. Hannun tsohon ne kawai bai taɓa riƙewa ba, sai ranar da ya cusa shi cikin bargo. Takardar ta ce ya zama bakin ubansa, shi kuwa ya ɗauki bakin ya bar kunne. A ƙarshe ma wanda aka ce ba ya iya yi wa kansa komai, shi ne ya tashi ya rufa wa mai riƙonsa asiri, da kalma ɗaya da ta rage masa, wadda da ita zai sayi ƙafarsa.

Da zaman makoki ya watse, Goggo ta zo ɗaukar kofin yayanta da hularsa. Gadiyan ya same ta a tsakar gida. Ya rame, idonsa ya yi ja, kukan da ya yi na gaske ne. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Goggo, na yi tunani. Ke ma girma ya zo, ga ciwon gwiwa, ba ki da kowa sai ni. Wankin nan ya isa haka. Ki dawo nan. Ɗakin sama babu kowa yanzu, ga fanka. In ya so sai in je kotu a yi mana takarda, komai naki ya dawo hannuna, ki huta."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ga yaron da ta goya, ta ga ƙeyar da ta sha shafa wa mai. Da gaske yake, alheri yake nufi, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan.

Ta sa kofin a cikin hular, ta naɗe a bakin mayafi.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," ta ce. "Ka bar ni a ƙasa. Ni ba ni da ɗan da zan rufa wa asiri."

Ta fita ta gaban shagon. Ba ta dubi ciki ba. Wankin mutane yana jiran ta a jiƙe.